Kwalaben Sammani

A Tudun Gawo, ɗan ƙauyen nan da ke gefen babban kanal tsakanin Kura da Bunkure, in ka tambayi gidan Sammani ɗan Malam Hamza sai an tsaya tunani. Amma in ka ce Sammani Kwalba, nan take za a nuna maka lungun. Da tsokana sunan ya fara, shi kuwa ya karɓe shi hannu bibbiyu.

Gajere ne, baƙi, mai faɗin kafaɗa, ga taurin kai tun yana ƙarami. Mahaifiyarsa takan ce jaki ma in an matsa masa yakan bi hanya, ban da Sammani. Lokacin da aikin ruwa ya iso daga Tiga, katafila ta share gonar ubansu, ta tuge ɗorawa uku da wata tsohuwar tsamiya, aka baje ƙasar aka yanka ta eka-eka. Shi da yayansa Garzali suka tashi da eka ɗaya da rabi ta gado, ba su raba ba. Garzali ya rungumi noman rani, alkama da tumatir da albasa. Sammani yana taya shi da safe, da hantsi kuma ya hau keke ya tafi kwatas ɗin ma'aikatan ruwa, inda ya samu aikin lebura a lambun gidajen manya.

A can ya haɗu da Baba Hananiya, wani dattijo mutumin Pankshin, shi ne babban gadina, wato shugaban masu kula da lambun. Ranar farko da aka ba Sammani tiyo aka ce ya shayar da fulawa, dariya ya yi. Ya ce shi bai taɓa ganin ana ba abin da ba a miya da shi ruwa ba. Baba Hananiya ya ƙyale shi. Sai da suka yi wata guda tare, rannan ya kira shi bayan sito, ya nuna masa wata kwalba da ɗan reshe a ciki. Daga gindin reshen wasu fararen saiwoyi sun sauko cikin ruwa kamar zaren auduga.

"Ba iri, ba ƙasa?" in ji Sammani.

"Ba iri, ba ƙasa. Wuƙa mai kaifi kawai, da haƙuri. Ka yanko tsawon tafin hannu da ɗan ɗori, ka yanka a karkace, ƙasa da gaɓa. Ka tsige ganyen ƙasa, ka bar biyu a sama. Kada ganye ya taɓa ruwa, ruɓa zai yi. Kwana uku ka sauya ruwan. Shi ke nan karatun, sauran sai hannunka ya koya."

Hannun nasa kuwa ya koya. Cikin shekara bakwai babu reshen da ya gagare shi sai ɗaya. Sunayen Turancin da Baba Hananiya ke kira ba su zauna masa a baki ba, sai ya raɗa musu nasa. Ja mai faɗin baki kamar furen kuɓewa, Jan Kunne. Rawaya mai dogon wuya, Algaita. 'Yar fara mai ƙamshin yamma, Amarya. Wata mai siraran ganye da farin ruwa mai dafi, ya ce mata Kashe Akuya. Mai ƙaya da fure kamar busasshiyar takarda, wadda ba ta taɓa yarda ta yi masa saiwa a ruwa ba, ita ce Takarda.

Sai shekarar 1984 ta zo, ruwan sama ya yi rowa, gero ya ƙone a tsaye a gonakin tudu. Turawan da suka zana kanal sun riga sun tafi. Aka kawo sabon shugaba, Injiniya Abdussalam. Ba mugun mutum ba ne. Ya zagaya kwatas ya ga ana malala ruwa a gindin fure alhali mutane na layin masara a Kura, ransa ya ɓaci. Ya ce a tuge komai a shuka masara da kayan miya, gadinoni kuma kowa ya karɓi takardar sallama a ƙarshen Oktoba. Aikinsu na ƙarshe shi ne tuge abin da suka raina da hannunsu.

Baba Hananiya ya ƙi riƙe diga. Ya ɗaure akwatinsa, ya yi sallama da Sammani a bakin titi, ya ce masa, "Na tsufa da fara sabo, ɗana. Kai dai ka san inda gaɓa take." Ya hau motar tumatir mai zuwa Jos.

Ranar ƙarshe, da sauran leburori suka watse, Sammani ya zauna a bakin tarin da aka jibge bayan kwatas, ya wasa wuƙarsa a dutse. Ya yi ta tona yana zaɓen rassan da ba su gama yaushi ba, yana yanka yana naɗewa a jiƙaƙƙen buhu. Da ya turo kekensa bakin ƙofa, Uba maigadi ya tare shi.

"Malam Sammani, me ke cikin buhun?"

"Shara."

"Ka san doka. Kayan gwamnati ba ya fita sai da takarda."

"To je ka ce a rubuto mini takardar shara. Ina nan ina jira."

Ya jingine keken a tsakiyar ƙofa, ya zauna a ƙasa ya miƙe ƙafa. Uba ya yi lallashi, ya yi barazana, Sammani ko gezau. Ana haka motar Injiniya ta zo za ta fita, babu hanya. Injiniya ya sauke gilashi, aka buɗe masa buhun ya leƙa.

"Ƙirare ne wannan?"

"A wurinka ƙirare ne, ranka ya daɗe."

Injiniya ya dube shi ɗan lokaci, ya girgiza kai, ya ce wa Uba, "Bar shi ya wuce, kada ya kwana mana a ƙofa."

Lokaci mafi muni ne na ɗauko reshe, Sammani ya sani. Damina ta wuce, ɗari na tafe. A gona babu ko taku ɗaya da ba tumatir. A tsakar gida kuwa awakin matarsa Mairama ba sa barin ko ganyen tafasa. Babu inda za su zauna sai cikin ruwa, kuma sai sun kai wata bakwai kafin sama ta sake zubowa. Washegari ya bi kasuwar Kura yana tsintar kwalabe, na magani, na man gashi, na lemo masu tsagaggen baki da ba a karɓa. Ya wanke su da toka da yashi. Ya jefa ɗan gawayi a kowacce don kada ruwan ya yi saurin wari. Ya jera su a gindin katanga, wajen da rana ba ta duka sai da safe, ya kewaye da ƙaya. Kwalba sittin da bakwai.

Mairama ta tsaya da muciya a hannu tana kallo.

"Malam, an kore ka daga aikin, kuma ka kwaso aikin ka kawo mini gida?"

"Su suka kore ni. Waɗannan ba su kore ni ba."

"Me za mu yi da su?"

"Ba abin da za mu yi da su."

Ta koma ga tukunyarta. Shekara ashirin suna tare, ta san inda magana ke ƙarewa.

Garzali ne bai sani ba, ko ya sani ya ƙi yarda. A shekarar nan ruwan kanal rabo ake yi, kowane layi sau ɗaya a kwana goma, in rabonka ya zo sai ka tsaya a kansa da fartanya har ya wuce. Sau biyu Sammani yana makara saboda ranar sauya ruwan kwalabe ce. A na biyun Garzali ya same shi har gida, ya tarar da shi a tsugune yana goge yauƙin gindin wani reshe da ɗan yatsa.

"Kai yanzu ba ka jin kunya? Namiji da gemu, tumatir na ƙishi a gona, kana nan kana wa tsinke wanka?"

"Yaya, ga ni nan tafe."

"A majalisa ba a kiranka da sunan da Baba ya raɗa maka. Sammani Kwalba ake cewa. Ni ake kallo ana dariya."

"Su yi ta yi. Haƙoransu ne za su sha iska."

Da Disamba ta shigo, ɗari ya sauka irin wanda ruwan randa ke sara haƙori. Masu alkama suna murna. Rassan Sammani kuwa suka tsaya cik, ba saiwa ba toho. Gindin wasu ya fara baƙi. Yakan datse ruɓaɓɓen wurin ya mayar, gobe ya tarar baƙin ya hau sama. Takarda duk guda takwas suka mutu a mako ɗaya. Ya kai sauran madafa kusa da murhu, hayaƙi ya ƙona musu ganye. Wuri ɗaya ya rage mai ɗumi ba hayaƙi, ɗakin Mairama, kan kantar da ta jera kwanukanta.

"Kwanukan aurena zan sauke saboda ƙirare?" Ta tsaya a bakin ƙofa ta kama ƙugu. "Wallahi sai dai ka sauke ni tare da su."

Bai yi musu ba. Ya cire bargonsa ya lulluɓe kwalaben a waje, ya kwana uku da riga ɗaya, har tari ya kama shi. A rana ta huɗu da ya dawo daga gona ya tarar an kwashe layin ƙasa na kwanukan an zuba a buhu. Mairama na tankaɗe, ba ta ɗago ba.

"Layin ƙasa kawai," ta ce. "In ruwa ya ɗiga mini a kan gado, waje zan watso su."

Daga nan aikin ya zama biyu. Da hantsi ya fito da su su sha haske, kafin la'asar ya mayar. Bibbiyu yake ɗauka, yana shiga yana fita kamar mai jidon kaka. In ruwan rijiya ya yi sanyi da yawa sai ya ajiye shi a rana ya huce kafin ya zuba musu. Mairama ce ma ta fara ganin abin, wata safiya cikin Janairu tana shara.

"Malam! Zo ka gani, wannan ta yi furfura."

Jan Kunne ce, a kwalbar maganin tari. Wasu fararen ƙuraje sun feso a gindinta, ɗaya ya miƙe kamar gashin gira. Sammani ya ɗaga kwalbar yana kallo ta cikin hasken ƙofa. Can ya ce, "Ai na gaya miki." Bai taɓa gaya mata komai ba, amma ta ƙyale shi.

Wata maƙwabciya da ta shigo ɗibar wuta ta hango kwalabe jere a ɗaki, kowacce da tsinke da baƙin abu a ƙasa. Kafin mako ya zagayo magana ta gama ƙauye. Wasu suka ce tsibbu ya koyo a wurin tsohon gadina. Wasu suka ce ruwan kanal ya ɗaure a kwalba don haushin korarsa, shi ya sa rabo ya koma kwana goma sha biyu. Masu hankali suna dariya, amma tumatir na yaushi, mai asara kuwa ba ya rasa wanda zai zarga.

Zamanin ne kuma da ake tsananta tsabtar gari. Wata Asabar da hantsi, Sammani ya gama fito da kwalabensa ke nan, aka yi sallama da ƙarfi. Isiyaku duba-gari ne, cikin kakinsa, da ludayin da yake duba randuna. Bai ko kalli randa ba, kai tsaye ya nufi gindin katanga.

"Ruwa a kwance, ba murfi. Gidan sauro ke nan. A zubar yanzu."

"Yallaɓai, kwana uku-uku nake sauya shi. Duba ka gani, in ka samu ɗan sauro ɗaya, ni da kaina zan zubar."

"Ba gardama na zo yi ba. Doka ta ce a zubar."

"Ita dokar, sauro take nema ko kwalba?"

Isiyaku ya ji an taɓa masa girma a gaban mace. Ya sa takalmi ya ture layin gaba. Kwalba tara suka tarwatse, cikinsu har da Amarya uku da suka fara saiwa. Mairama ta yi salati. Sammani ya sunkuya, Isiyaku ya ja da baya yana tsammanin dutse zai ɗauka. Amma babban daro ya jawo, ya shirya kwalabe goma a ciki, ya tsinci rassan da suka zube ya ɗora a kai, ya ɗauka ya aza a ka.

"Ina za ka?" in ji Isiyaku.

"Wurin mai unguwa. Ƙararka zan kai. In ka ga dama ka biyo ni."

Haka ya ratsa ƙauyen da daro a ka, ruwa na zubo masa a wuya, duba-gari na binsa a baya. Kafin su isa ƙofar Mai Unguwa Hambali jama'a sun cika wurin. Sammani ya sauke, ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya faɗi abin da ya faru. Isiyaku ya ce shi ba da kansa ya zo ba, rahoto aka kai masa.

"Wa ya kai?" in ji mai unguwa.

Sai Garzali ya yi gyaran murya daga cikin taron.

"Ni ne, ranka ya daɗe. Ƙanena ne, na yi magana ya ƙi ji. Na ce ko hukuma za ta raba shi da wannan wauta, mu huta da bakin mutane."

Sammani bai waiwaya ba. Ya zaro reshe ɗaya daga kwalba ya ɗaga sama, saiwoyin na ɗigar ruwa.

"Ga tsibbun nan, kowa ya gani. Reshe ne, ya ƙi mutuwa. Baƙin abin kuma gawayi ne daga murhun matata. An ce na ɗaure kanal a nan. Kanal ɗin da ke ɗaukar saniya, a kwalbar man gashi?"

Aka fashe da dariya. Isiyaku ya ce ko ba tsibbu, ruwan ƙazanta ne, cuta ne. Sammani ya dubi kwalaben cikin daro, ya tsallake biyu da ke ɗauke da Kashe Akuya, ya ɗauki ta Jan Kunne, ya cire reshen, ya yi bisimilla ya kafa kai. Ya shanye tas, ya tofar da gawayin, ya kife kwalbar a gaban takalmin Isiyaku.

"In na kwana lafiya, a bar mini kayana. In ban kwana ba, ku zubar."

Mai unguwa ya rufe baki da hannun riga don kada a ga dariyarsa. Ya sa Isiyaku ya duba kwalaben ɗaya bayan ɗaya a gaban kowa, ba a samu komai ba. Ya yanke cewa a toshe bakin kowacce da auduga a gefen reshen, yadda sauro ba zai shiga ba, duba-gari kuma ya samu abin faɗa wa na gaba da shi. Sannan ya dubi Garzali ya ce, "Kai kuma, tsakanin harshe da haƙori ba a kiran ɗan sanda."

Sammani ya kwana lafiya, ban da murɗar ciki da ya so ya ɓoye wa Mairama bai iya ba. Amma da gari ya waye ya tafi gidan yayansa, ya tsaya a zaure bai zauna ba.

"Yaya, in an cire tumatir a raba gonar."

"Saboda tsinke za ka raba abin da Baba ya bari?"

"Ba saboda tsinke ba. Saboda ka kira mini bare cikin gidana."

Aka raba a watan Maris, da shaidu. Sammani ya zaɓi ɓangaren ƙarshe, wanda ruwa ke isa a makare, don kada a ce ya yi kwaɗayi. Garzali ya ce masa zai yi nadama. Sammani ya yi asarar albasa a wannan ɓangaren fiye da sau ɗaya, amma nadamar, in ma ya yi, ba wanda ya ji ta a bakinsa.

Bazara ta fi ɗari wahala. Aka rufe kanal don yashe, rijiyar unguwa ta ja ƙasa har sai an ƙara igiya, mata na kwana biyu ba su yi wanki ba. Ruwan kwalba yakan yi ɗumi kafin azahar, saiwoyi su yi ja su yi laushi. Sammani ya ga in suka ƙara wata guda a ruwa duk za su tafi. Ya huda gwangwanaye, ya cika da yashin kanal da tsohon takin awaki, ya dasa masu ƙarfin saiwa, yana riƙe su kamar ƙwai don saiwar ruwa ba ta da ƙwari. Ya rantse ba zai ɗebi ko moɗa ɗaya daga randar gida dominsu ba, don kada a samu abin faɗa. Sai ya riƙa yin alwala a kan kwano, sau biyar a rana, abin da ya taru ya raba musu da cokali. Bayan kwana kaɗan ya lura kwanon na cika fiye da alwalar mutum ɗaya. Bai tambayi Mairama ba, ya san ruwan alwalarta ne ƙarin.

Ruwa ya sauka a farkon Yuni. Cikin sittin da bakwai, ashirin da uku suka kai. Ya dasa shida a gida cikin kewayen ƙaya, Kashe Akuya kuwa ya kai ta can bayan gona inda dabba ba ta zuwa. Sauran ya jera su a kan iyakar da aka ja tsakaninsa da Garzali, ya ba da kunya guda cur ta masara dominsu. Masu wucewa suna cewa ga mahaukaci ya shuka yunwa. A daminar da ta biyo baya iyakar nan ta yi ja da rawaya, ana hango ta daga kan gadar kanal. Direbobin motocin tumatir suka mai da ita alama, suna cewa a same su a gonar fure.

A 1987 aka ce wani babban baƙo zai zo duba aikin alkama. Injiniya Abdussalam ya duba kwatas ya ga ba komai sai karan masara. Ya zo da kansa har gonar, da a-kori-kura da leburori biyu da diga. Ya yi sallama da mutunci, ya ce ana so a tono guda goma a dasa a gaban ofis, kuma in Sammani na so, aikinsa na nan.

"Yaushe baƙon zai zo, ranka ya daɗe?"

"Alhamis."

"In aka tono su yanzu da furensu, za su yi kyau ranar Alhamis, su mutu ranar Lahadi. Ba zan bayar ba. In reshe kake so, in yanka maka ko ɗari, kyauta. A sa a ruwa, wata biyu a dasa."

"Malam Sammani, baƙo ba zai jira wata biyu ba."

"To ya zo ya ga masara. Ita ma abin gani ce."

Ɗaya daga cikin leburorin ya matsa da diga. Sammani ya je ya tsaya a gindin Algaita ya harɗe hannu. Injiniya ya ɗaga wa leburan hannu, ya yi 'yar dariya marar daɗi, suka hau mota. Aikin ma Sammani bai koma ba. Ya ce wanda ya sa shi tugewa sau ɗaya zai sake sa shi.

Da Garzali kuwa gaisuwa ce kawai, a masallaci da wurin jana'iza. Garzali ya hana iyalinsa shigo da ko ganye ɗaya daga iyakar nan. Amma 'yarsa Kubra, wadda ta gama makarantar horon malamai, takan bi ta gonar in ta kai wa ubanta abinci. Da aka sa ranar aurenta da wani malamin firamare a Madobi, a ƙarshen 1989, ta shigo gidan Sammani da yamma ta durƙusa.

"Baffa, Amarya nake so in tafi da ita."

"Ubanki ya sani?"

"Gidana zan kai, ba gidansa ba."

Ya yanka mata reshe mai gaɓa huɗu, ya sa a kwalba. Ranar kai amarya ta riƙe ta a ƙarƙashin mayafi. Garzali ya hango bakin kwalbar, ya ce a karɓe a zubar, ƙannen uwarta suka yi kamar ba su ji ba. Amma hanyar Madobi duk ramuka ce, motar ta faɗa wani, kwalbar ta bugi ƙarfen kujera ta fashe, aka tattake reshen wajen sauka. Kwana huɗu bayan haka saƙo ya iso wa Mairama cewa Kubra ta yi kuka a kan abin fiye da kukan rabuwa da gida.

Washegari da hantsi Mairama ta fito ta tarar da Sammani yana naɗe kwalba biyu da tsumma, yana ɗaure su a bayan keke.

"Malam, ba dai Madobi ba? Ko mako ba ta yi ba. Baffa ai uba ne, uba ya je gidan 'yarsa yanzu? Surukai za su ce ba mu da kunya."

"Su ce."

"Ka ba masu zuwa kasuwa su kai mana."

"Za su girgiza su."

Ya tura keken har bakin kanal kafin ya hau, yana tafiya a hankali yana kauce wa ramuka. Tafiyar da ake yi kafin azahar, shi sai bayan la'asar ya isa. Bai shiga gidan ba. Ya tsaya a zaure ya yi sallama, angon ya fito a rikice yana neman tabarma yana durƙusawa. Sammani ya ce ba zama ya zo yi ba. Ya kwance kwalaben ya miƙa masa, ya sa shi ya maimaita sau biyu: kwana uku a sauya ruwa, kada ganye ya taɓa ruwan, kada a sa a rana. Ya sha ruwa moɗa ɗaya a tsaye, ya juya kan kekensa, don gobe rabon ruwan layinsu ne kuma albasarsa na ƙarshen layi.